Me yasa asid ake zuba wa ruwa, ba ruwa ake zuba wa asid ba

Wa alaikumus salam ɗana, saƙonka ya iso. Kace wai wannan al'ada ta masu aikin lab, da kullum suke cewa asid ake zubawa cikin ruwa kar a kuskura a zuba ruwa cikin asid, tana da tushe kuwa ko dai tsoratarwa ce irin ta malamai, tunda a ganinka ko da wanne aka fara ai su biyun ne dai za su haɗu. Toh ka nutsu kaji.

Shi asid in ya shiga ruwa abin da yake saki shine wata ƙwaya mai caji da ake kira H+, alkali kuma, wato kishiyar asid, wata ƙwayar mai suna OH- yake saki, wannan bayanin Arrhenius ne ɗan ƙasar Suwidin tun 1884. In ka haɗa su daidai wa daida sai su kashe kaifin juna a samu gishiri da ruwa. Ma'aunin pH kuma da kuke haddacewa, Sørensen ne ya kawo shi a Denmak a 1909, 7 tsakiya ne, ƙasa da haka asid sama da haka alkali, sai dai ku yara kuna mantawa kowane mataki ɗaya ninki 10 ne, wato mai pH 2 yafi mai pH 4 yawan H+ sau 100, ba sau biyu ba.

Amma maganar da ka tambaya ta zafi ce. Ɗauki sulfurik asid mai kauri, irin mai kashi 98 cikin ɗari ɗin nan, in ka karkata kwalbar zaka ganshi yana tafiya a hankali da yauƙi, lita ɗaya tasa kusan kilo 1.84 ce alhali ta ruwa kilo 1 ce kacal. Haɗuwarsa da ruwa zafi take fitarwa ba na wasa ba. Yanzu in ka zuba ɗan ruwa a kansa, ruwan baya nutsewa tunda yafi shi sauƙi, a sama zai tsaya, kuma duk zafin nan a kan ɗan ruwan zai taru nan take ya kai digiri 100 ya tafasa, kamar ɗigon ruwa a kan jan ƙarfen da aka ciro daga wuta, sai kaji tass ya fantsamo, kuma abin da ya fantsamo maka a fuska asid ne mai kauri ga zafi. Wani lokacin ma gilashin ne zai tsage. In kuwa ruwan ne mai yawa a ƙasa kana zuba asid kaɗan kaɗan kana motsawa, asid ɗin zai nutse ya bazu, ruwan ya shanye zafin, dan ruwa yana ɗaukar zafi da yawa kafin yayi zafi. Taɓa gindin bikar, wato kofin gilashin da kake haɗin a ciki, da bayan hannu zaka ji ɗumi, in ɗumin yayi yawa ka dakata ya huce, ba gudu ake ba.

Kuma kar ka raina alkali fa, mutane asid kawai suke tsoro, ni kuwa kostik soda tafi bani tsoro. Ita ma in tana narkewa zafi take fitarwa, shi yasa ita ake zuba wa ruwa. In ta taɓa yatsa zaka ji santsi, wannan santsin maiƙon fatarka ne take mayarwa sabulu. A ido kuwa Allah ya kiyaye, yawanci tafi asid ɓarna saboda ratsawa take ciki tana ci gaba da ci.

In tsautsayi yasa asid ko alkali ya zubo maka, kar kace bari in shafa alkali ya kashe asid ɗin, wannan dabarar takarda ce, a jiki wani zafin zaka ƙara wa ƙunar. Cire rigar da ta jiƙe, ka saki famfo a wurin aƙalla minti 15, in ido ne ka buɗe shi da yatsa ruwan ya shiga, daga nan sai asibiti. Tabarau ɗin lab kuma ka riƙa sawa ko da abokanka za su yi maka dariya, na san halinku.

Ka gaida min mahaifiyarka.

Kawunka