Daga Bauchi zuwa Kalaba ta Umuahia

Malam, ka ce za ka yi tafiya a mota daga Bauchi zuwa Kalaba ta Umuahia cikin kwana uku. Ba za su isa ba, ka ware biyar. Ka bi Jos, Akwanga, Lafiya, ka kwana a Makurɗi, kada ka yi tafiyar dare. Washegari ka bi ta Inugu zuwa Umuahia. Gidan tarihin yaƙin basasa yana nan, an buɗe shi a 1985, akwai jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny da bama-baman Ogbunigwe da 'yan Biyafara suka ƙera. Amma ka yi hattara da Litinin a yankin, a 2021 masu fafutukar kafa Biyafara suka mai da ita ranar zaman gida.

Daga Umuahia ka bi ta garin Itu. Hanyar Itu zuwa Kalaba fa sai haƙuri, tireloli da ramuka, musamman da damina, don haka ka riƙe safaya mai kyau. Gidan tarihin cinikin bayi yana Marina a Kalaba, bakin ruwa. Masallaci da abinci kuwa, nemi unguwar Bogobiri.