Tambaya da Amsa: Wai da gaske akwai masu zama cikin mota duk shekara?

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni marubuciya ce, ina rubuta labarai a waya, amma yau wata uku kenan kaina ya cushe ko layi ɗaya na kasa. To kwanan nan sai nake ta ganin bidiyon turawan nan na Amurka da suka sayar da gidajensu suka koma zama cikin mota, yau suna bakin teku gobe suna kan dutse, wai a haka ilhama take zuwa musu. Wallahi abin yana burge ni har ina jin da ma ni ce. Da gaske ne ko dai ƙaryar soshiyal midiya ce? Daga ƙanwarki a Zariya.

AMSA: Ƙanwata Allah ya buɗa miki kai. Gaskiya ne, ana yi, motar suna kiranta RV. Akwai manya masu girman luksuriyas, akwai ƙanana kamar bas ɗin haya da aka cire kujeru aka sa gado da ɗan kicin, akwai kuma wacce tirela ce kawai ake ɗaura ta a bayan a-kori-kura. Yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su.

Abin da ya sa rayuwar take yiwuwa a can shi ne fili. A yammacin Amurka gwamnatin tarayya tana da daji da hamada masu faɗin gaske, hukumar BLM ke kula da su, kuma a mafi yawan wuraren mutum zai iya ajiye motarsa kyauta har kwana 14 sannan ya matsa gaba. Akwai wani ɗan gari a hamadar Arizona, Quartzsite, mazaunansa ba su kai dubu 3 ba, amma da hunturu sai ya cika maƙil da masu gudun sanyin arewa, motoci iya ganinki. Ba mai haya ba mai ƙwanƙwasa ƙofa ƙarshen wata, in maƙwabci ya dame ki sai ki tada mota. Wannan 'yancin ban raina shi ba ko kaɗan.

Amma bari in kai ki inda kyamara ba ta zuwa. Ki ƙaddara kin tashi da asuba a hamadar nan, kin buɗe ƙofa, iska mai sanyi, ba motsin kowa. Kafin ki ɗora shayi sai kin leƙa awon batir, don jiya an yi hadari sola bai caja ba, kuma batirin nan shi ke riƙe firji da kwamfuta da famfo. Tankin ruwan ƙaramar mota bai wuce jarka huɗu zuwa shida ba, da shi za ki sha ki yi girki ki yi wanke-wanke ki yi alwala, don haka wanka ma sai an yi lissafi. Sannan ga tankin bayan gida a ƙarƙashin motar, in ya cika ke da kanki za ki tuƙa zuwa wurin zubarwa, ki sa safar hannu, ki jona tiyo, ki ja marfin ki tsaya kina jin warin har ya ƙare, ki wanke tiyon ki naɗe. Babbar motar kuwa lita ɗaya ba ta kai ta fiye da kilomita 3 zuwa 4. Ranar da injin ya lalace, gidanki ne gaba ɗaya a garejin makanike, ina za ki kwana?

Kuma ba kowa ne ya shiga don sha'awa ba, wannan ne yake taɓa min zuciya. Bob Wells, dattijon nan mai farin gemu da ya shahara a YouTube kan wannan rayuwa, a 1995 ya fara kwana a mota a Alaska bayan aurensa ya mutu kuɗi suka yi masa ƙaranci, daga baya ne ya zo ya so abin. Bayan karayar tattalin arziki ta 2008 mutane da yawa sun rasa gidajensu, tsofaffi masu shekara sittin da ɗoriya suka riƙa bin aikin wucin gadi, rumbunan kayan Amazon lokacin cinikin ƙarshen shekara, girbin gwozar sukari (wata saiwa da ake yin sukari da ita) a jihar Dakota ta Arewa. 'Yar jarida Jessica Bruder ta bi su ta rubuta littafin Nomadland a 2017, fim ɗin da aka yi da shi ya ci babbar kyautar fina-finai ta Oscar a 2021. Su waɗannan ba su ne kike gani suna shan kofi a bakin teku ba.

To maganar ilhama. John Steinbeck, babban marubucin Amurka, a 1960 yana da shekara 58 ya ji ya daina sanin ƙasarsa, yana rubutu a kan mutanen da ya daɗe bai ji muryarsu ba. Sai ya sa aka ɗora masa ɗan ɗaki a bayan a-kori-kura, ya ɗauki karensa Charley ya zagaya kusan mil dubu 10, littafin da ya rubuta kan tafiyar ya fito 1962. Amma ki lura, bayan ya dawo ne ya zauna ya rubuta shi. A ganina abin da hanya ta ba shi kunne ne da ido, hirar mutanen da bai sani ba da kuma sa'o'i masu yawa shi kaɗai ba mai kiransa. Ni ina zargin abin da ya ƙare miki kenan, wata uku kina ɗaki ɗaya kina kallon rayuwar wasu a waya.

Ba zan ce miki ki sayi bas ki shiga daji ba, kin san halin da hanyoyinmu suke ciki, ga ki mace ke kaɗai. Amma kina Zariya fa. Ki nemi izini a gida ki je wajen gwaggonki ko wata 'yar uwa a ƙauye ki yi sati ɗaya, ki kashe data, ki tafi da littafi da biro. Ranar kasuwa ki zauna kusa da masu fura da nono, ki tambayi wata dattijuwa yadda suke naɗe bukka su ɗora wa sa in za su tashi, me ake ɗauka me ake bari. Ki rubuta yadda ta faɗa, da kalmominta, kar ki gyara komai. In kin dawo ki turo min shafi biyu, zan karanta insha Allah.