Tambaya da Amsa: Injin CNC da haɗa kwale-kwale a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dai ba kafinta ba ne, amma na daɗe ina sha'awar in haɗa ɗan ƙaramin kwale-kwale da hannuna. Na samo wani fayil kyauta a intanet, kuma akwai abokina da ke aiki a inda ake da injin CNC, ya ce zai yanka min. Shin da an yanka shike nan sai haɗawa kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. To, eh da a'a. Bari in fara da abin da injin nan yake yi saboda masu karatun da ba su san shi ba. Teburi ne babba da ake kwantar da filawud a kai, sai wani baki mai juyawa da gudu ya riƙa bin layin da kwamfuta ta ba shi yana yankawa. Zanen yakan zo a fayil ɗin DXF galibi, sai mai injin ya mayar da shi umarnin da ake kira G-code, wanda shi ne yaren da injin ke ji. A da kafin a yanka ko falle ɗaya sai mutum ya durƙusa a ƙasa da fensir da tef da doguwar sanda mai lanƙwasuwa, ya fitar da kowane layin jirgin a girmansa na ainihi daga jerin lambobi, kuma nan ne yawancin sababbin shiga ke karaya su ajiye aikin. Wannan wahalar ce injin ya ɗauke maka, kuma gaskiya ba ƙaramin abu ba ne, gefen dama da na hagu za su fito iri ɗaya sak.

Irin haɗin da ya fi tafiya da wannan yankan shi ne na ɗinki da gam. Ana huda ƙananan ramuka a bakin fallayen, a ɗinke su da wayar jan ƙarfe ko igiyar roba da ake ɗaure wayoyin lantarki da ita, kana cikin ɗaurewa za ka ga jirgin yana ɗaukar siffarsa da kansa, daga nan a cike gaɓoɓin da gam ɗin ifoksi a shimfiɗa ƙyallen faiba a kai. Dabarar ta daɗe tun kafin a fara yanka fallayen jirgi da injin. Wani malamin koyar da aikin katako a Ingila, Ken Littledyke, shi ya fito da ita a ƙananan kwale-kwalensa wajen ƙarshen shekarun 1950, sannan Jack Holt da Barry Bucknell suka yi amfani da ita a jirgin Mirror a 1962, wanda jaridar Daily Mirror ta ɗauki nauyinsa, an kuma haɗa sama da 70,000 tun daga lokacin, da yawansu a gidajen mutane irinka.

Amma fa yankan shi ne ɓangare mafi sauƙi. Haɗa ifoksi daidai da ma'aunin da kamfanin ya rubuta a jikin gwangwani, da gugar samfefa har hannu ya gaji, da duba cewa jirgin bai murɗe ba kafin gam ya kama, duk naka ne. In ya bushe a karkace to a karkace zai zauna. Ka sa safar hannu kuma, ifoksi in ya yawaita taɓa fata jiki na iya ƙinsa gaba ɗaya ya riƙa yi maka ƙuraje ko da warinsa ka ji.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne fayil ɗin na kyauta. Injin bai san jirgi ba, abin da aka zana shi zai yanka, ko mai kyau ko marar kyau, kuma duk za su fito tsaf-tsaf da baki mai santsi har ka ɗauka aikin ƙwararru ne. Kowa na iya buɗe manhaja irin su FreeShip ko Rhino ya zana abin da ya yi kyau a fuskar kwamfuta ya ɗora a intanet bai taɓa sa shi a ruwa ba. Filawud ta fuska ɗaya yake yarda ya lanƙwasu, in mai zanen bai kula da wannan ba sai ka zo ɗinki fallayen su ƙi haɗuwa ko su tsage. Don haka ka tambaya: wa ya taɓa haɗa wannan zanen, akwai hotonsa a kan ruwa da mutane a ciki, nauyin nawa aka ce yana ɗauka, wane kaurin filawud aka rubuta, akwai rufaffun wuraren iska da za su riƙe shi a sama in ya kife? In babu amsar ko ɗaya ni dai ba zan sa yarana a ciki ba. Araha ba ta ado. Akwai zanen kyauta masu kyau, ban ce babu ba, amma waɗanda aka haɗa aka gwada su ne. Kafin ka sayi katako ka buga zanen a kashi ɗaya cikin goma na girmansa, ka manna a kwali ka yanka da almakashi ka haɗa da salatif, in akwai fallen da bai zauna ba a nan za ka gani.

Tambaya: Malam, mun yanka namu amma haƙoran da ke bakin fallayen, waɗanda ya kamata su shiga ramukansu a wurin haɗi, sun ƙi shiga, wasu kuma sun yi sako-sako. Laifin injin ne?

Amsa: Da wuya. Abu na farko, filawud ɗin da aka rubuta milimita 6 ba lallai ya cika 6 ba, yana iya ɗan gazawa ko ya ɗan ɗara, kuma mai zanen ya yi ramukan ne da kaurin katakon da ke hannunsa. Sai an auna naku an gyara fayil. Na biyu, bakin injin yana da nasa kauri, dole a gaya wa manhajar ta bi ta wajen layi in falle ake fitarwa, ta cikin layi in rami ne, in aka bar shi ya bi tsakiyar layi kowane gefe zai rasa rabin kaurin bakin. Na uku, bakin zagayayye ne, ba ya iya fitar da kusurwar ciki mai kaifi, shi ya sa masu zane ke ƙara ɗan zagaye a kowace kusurwar rami don haƙorin ya zauna har ƙasa, in babu sai ku bi da kurfi da hannu. Nan gaba ku fara yanka rami ɗaya da haƙori ɗaya a guntun katako ku gwada. Ku kuma duba ko da inci aka yi zanen ko da milimita, fayil ɗin DXF ba koyaushe yake faɗa ba, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne, ka ga in aka yi kuskure jirgin zai fito kamar abin wasan yara.

Tambaya: Zanen da nake da shi na mutum biyu ne, mu kuma mu uku ne. Ba zan iya ƙara girmansa da kashi 20 cikin 100 a kwamfuta ba?

Amsa: Kwamfuta za ta yarda, ni ne ban yarda ba Hajiya. In kika ƙara tsawo da faɗi da zurfi da kashi 20, cikin jirgin ya ƙaru da kusan kashi 73, amma kaurin filawud yana nan yadda yake, tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin jirgin ta buɗe, ƙasan zai riƙa lotsawa. Ramukan haɗi ma duk sun faɗaɗa. Sannan fallen filawud milimita 1220 ne a 2440, mai zanen ya jera gutsattsarin ne su shiga wannan daidai, da kin ƙara sun fita. Ki nemi zanen da aka yi don mutum uku tun asali, ko ki rubuta wa mai zanen, wasu suna da babban samfurinsa.

Tambaya: Na sayi fayil daga wani mai zane, abokaina suna so in tura musu. Akwai matsala?

Amsa: Ka karanta sharaɗin da ya zo da shi. Al'adar masu zanen jiragen ruwa ita ce kuɗin da ka biya na haɗa jirgi ɗaya ne, na biyu sai an sake biya, kuma tsoron wannan turawar ce ta sa wasunsu ba sa sakin fayil ɗin yanka kwata-kwata, sai dai su sayar da katakon a yanke ko su aika wa mai injin da suka amince da shi kai tsaye. In kuma a ƙarƙashin lasin Creative Commons yake, wato izinin da mai abu ke ba jama'a su yi amfani da shi kyauta bisa wasu sharuɗɗa, duba haruffan: BY ka ambaci sunan mai shi, NC ban da kasuwanci da shi, SA in ka gyara ka saki naka da irin sharaɗin. Kuma in ka canza wani abu a fayil ka rubuta abin da ka canza a jikinsa kafin ka tura, kada wani ya yanka naka yana zaton na asalin ne.