Kada ki yarda da "fara da amshi tukuna"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce wasu makaɗa sun ga bidiyonki kina kaɗa jita sun kira ki, amma shugabansu ya ce ki fara da amshi da ɗan taka rawa a gaba, jitar kuma sai nan gaba, ga shi Baba bai saki jiki da harkar ba. Wallahi ina gama karantawa raina ya ɓaci, domin wannan "nan gaba" ɗin ni ma an yi mini ita a nan Yamai, kuma ba ta zuwa.

Nawa shugaban bakinsa zuma. Ya ce hannuna ya fi na yaransa biyu, amma jama'a ba su saba ba, sai a hankali. Na yi ta amshi biki bayan biki, ina kallon yaron da ni na nuna masa yadda ake ɗaure tsirkiya yana riƙe da jita ta biyu yana ta ɓata kiɗa. Da na matsa, sai ya ce to, bikin Asabar ke za ki riƙe. Na sayi sababbin tsirkiyoyi da kuɗina, na kwana ina bita har 'yan yatsuna suka yi kanta a kan kanta. An kafa rumfa, janareta na ta ruri, mata sun cika fili. Ina kaɗawa, ina jin kamar sautina bai fita, amma da ganga da babbar jita a kunnena sai na ce ƙila hayaniya ce. Sai da aka zo inda mai babbar jita zai tsaya ni in ɗauka ni kaɗai. Shiru. Ganga kawai ake ji, hannuna na ta tafiya a banza. Na waiga wajen yaron da ke kan na'urar sauti, ya sunkuyar da kai. Igiyar jitata na maƙale a na'urar, amma maɓallin ƙara sautina yana can ƙasa tun farkon dare.

Bayan an tashi yaron ya same ni a gefe, ya ce Anti ki yafe mini, oga ne ya ce in bar ki ki riƙe kawai, wai ado ce, mata na son gani. Kuma sun so gani ɗin, don daren nan an yi mini liƙi fiye da kowa. Oga ya tattara kuɗin a jaka, ni kuma ya ba ni kason 'yar amshi. Abin da ya fi ci mini rai, har yau in mun haɗu sai ya washe baki ya ce "ƙanwata", yana gaya wa mutane shi ya fito da ni. Shi ya fito da ni! Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa bari a ji ni ba. Na bar shi da Allah, amma ban ce na manta ba.

Don haka ki je, amma ki yi magana tun kafin ki ɗaga ƙafa. Waƙa nawa za ki kaɗa a kowane wasa, nawa ne kasonki, kuma a gaban sauran 'yan ƙungiya, ba ke da shi kaɗai ba. In ya ce kin cika ido da kuɗi, kin ga amsarki. Kuma ki riƙa zuwa da wuri lokacin gwajin sauti, ki kaɗa ke kaɗai ki ji kanki a lasifika da kunnenki. In kina da hali ki tara ki sayi ɗan ƙaramin ampili naki, wato na'urar ƙara sautin jita, ko na hannu ne, ki ajiye shi kusa da ƙafarki. Jitar ma ta zama taki, kada ki dogara da ta oga, ranar da kuka saɓa zai karɓe abarsa.

Maganar wai jama'a ba su saba ba, ƙarya ce ta ragwaye. Ki dubi Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, can wajen Abalak a jihar Tawa. A kan jitar yayanta ta koya wa kanta, a wurin da jita ta maza ce tun da samarin Abzinawa suka dawo da ita daga zaman Libiya da Aljeriya, mata kuma aka bar musu tende, turmin nan da ake rufe wa baki da fatar akuya. Ba ta yar da tenden ba, haɗa shi ta yi da jitar. A 2016 wani kamfanin faifai na Amurka, Sahel Sounds, ya fitar da kiɗansu ita da 'yan uwanta, daga nan suka zaga Turai da Amurka. Ga Fatoumata Diawara ta Mali, da jitarta take hawa dandali. Matsalarmu a ƙasar Hausa ta ɗan bambanta, na sani. Situdiyo an koma fiyano kusan gaba ɗaya, mai jita ko namiji ne aiki ya yi masa ƙaranci, mace kuwa muryarta kawai ake nema. Shi ya sa nake cewa bidiyon nan da kike ɗauka da waya kada ki daina, a nan ne ba mai iya rage miki sauti.

Af, kuma ki kula da hunturu, yana busar da katakon jita har ya tsage, ki riƙa sa ta a jaka kada ki jingine ta jikin bango inda rana ke bugu. Ki goge tsirkiya da ƙyalle bayan kin gama, zufa ke sa ta tsatsa, kuma kin san tsadarta yanzu.

Batun Baba kuwa, kada ki yi masa ɓoye, zai ji a bakin wani kuma ta fi muni. Ba jitar yake tsoro ba, dare yake tsoro, da bakin mutane, da kada a ce 'yarsa ta zama maroƙiya. Marigayiya Barmani Choge da ƙwarya ta yi amada har ta rasu a 2013, a cikin mata 'yan uwanta, shi ya sa dattawa suka fi sakin jiki da irin nata. Ni gwaggona ce ta shige mini gaba, aka yi sharaɗi ƙanena zai riƙa raka ni kuma ba na wuce ƙarfe sha ɗaya. Na yi ta jin haushi a lokacin, amma zaman yaron nan a gefe ya rufe bakin maza da yawa, ciki har da wani mai ganga da ba zan ɓata bakina a kansa ba. Ki nemi wadda Baba ke jin nauyinta a dangi, ki fara zuwa wasan rana ko bikin mata zalla, ki kai masa abin da kika samu ya sa albarka.

Ba ki faɗi garin da kike ba, kuma jitar taki ta lantarki ce ko ta katako? In kina kusa da Yamai ki yi mini magana ta gefe, ranar gwajinki na farko zan zo in tsaya kusa da na'urar sautin da kaina.