Hukuncin gasar kacici-kacici da ake biyan kuɗin shiga a zauren ƴan wasa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibin jami'a ne a nan Maradi, ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo. Muna da zaure a WhatsApp na masu wasan Free Fire da eFootball, kuma kowane daren Asabar ni nake haɗa tambayoyi 20 a kan wasannin da kuma ƙwallo. Da farko kyauta muke yi, daga baya muka ce kowa ya aiko dala ashirin. Mutum 40 sukan shiga, a tara jika huɗu, wanda ya zo na ɗaya ya karɓi jika uku ko in saya masa lu'ulu'un cikin wasa, ni kuma in riƙe jika ɗaya ladan wahalata. Wani ya ce caca ce. Amma wani abokina mai karatun addini ya ce in mun bar mutum biyu su shiga kyauta, muka kuma sa tambayoyin addini, to ya halatta, domin Sayyidina Abubakar ma ya sa dukiya da Ƙuraishawa. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ba ka ɓoye jikar da kake riƙewa ba, domin yawancin masu kawo irin wannan tambaya nan ne suke tsallakewa. Jefa wa mutane tambaya don a gwada saninsu babu laifi a cikinsa, Annabi (SAW) da kansa ya tambayi sahabbai game da itaciyar da ganyenta ba ya zuba, amsar kuwa dabino ce. Saboda haka lokacin da kuke yi kyauta ba ni da abin cewa a kan asalin gasar.

Abin da ya sauya hukunci yana cikin maganarka ɗaya: "daga baya muka ce kowa ya aiko dala ashirin." Tun daga wannan rana duk wanda ya shiga yana tsakanin abu biyu ne, ko ya kwashe kuɗin ƴan'uwansa ko su kwashe nasa, kuma wannan shi ne maisir, wato caca, da Allah ya haramta a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida. Mutum 39 suna kwana da asarar sefa 100 kowannensu domin mutum ɗaya ya kwana da sefa 3,000. Ƙanƙantar kuɗin ba ta fitar da shi daga caca, haka ma cewa da ƙwaƙwalwa ake ci, domin mai karta shi ma yana da gwanintarsa. Mayar da kyautar lu'ulu'un Free Fire ko kiredi bai canza komai ba, tunda da kuɗin da aka tara ne kake sayensu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 14 a Doha cikin Janairun 2003, ta yanke cewa duk gasar da kuɗin shigarta, ko wani sashe nasa, yake komawa cikin kyautar da za a ci, nau'i ce ta caca. Jikar da kake riƙewa kuwa lada ce a kan shirya abin da bai halatta ba, don haka ita ma ba ta da tsarki, ko da ka kwana uku kana haɗa tambayoyin.

Maganar abokinka ita ce take buƙatar zama, domin bai ƙirƙire ta ba, ya tsinto guntayen maganganun malamai ne ya ɗinka su a inda ba wurinsu ba. Mutumin da ake shigarwa kyauta shi ne malaman fiƙihu suke kira muhallil. Asalin zancensa a tseren dawakai ne, inda mutum biyu kowa ya sa dukiya, sai a shigo da na uku wanda bai sa komai ba, in ya yi nasara ya kwashe, in an kayar da shi babu abin da zai biya. Wannan ra'ayin Sa'idu ɗan Musayyib ne, kuma malamai da yawa sun bi shi, amma a ƙarƙashin hadisin Abu Huraira da ya taƙaita gasar dukiya a harbi da tseren raƙuma da na dawakai, abubuwan da suke shirin kare al'umma ne a wancan zamani. Imam Malik bai karɓi muhallil ba ko a cikin waɗannan ukun. Risalar da ake karantawa a zaurukanmu ta kawo maganar Ibnul Musayyib, sannan ta bi ta da ta Malik, cewa mutum ɗaya ne zai fitar da dukiyar, in wani ya riga shi ya ɗauka, in shi ya riga to ba za ta dawo hannunsa ba. Shehu Halilu a Mukhtasar ya faɗa ƙarara cewa bai halatta dukansu biyu su sa dukiya don mai nasara ya kwashe ba, ko da akwai muhallil. To abin da mazhabarmu ta hana a kan doki da kibiya, ta yaya za a halatta shi a kan sanin wanda ya ci wa Mena, ƙungiyar ƙwallon Nijar, ƙwallo? Ka kuma duba zahirin abin: shigar mutum biyu kyauta ba ta rage wa sauran 40 ɗin komai daga halin da suke ciki ba.

Ƙissar Sayyidina Abubakar (RA) gaskiya ce. Lokacin da farkon Suratur Rum ya sauka, yana ba da labarin cewa Rumawa za su rinjayi Farisawa cikin ƴan shekaru, ya sa dukiya da mushirikan Makka a kan haka. Sai dai abin ya faru ne a Makka, ayar Ma'ida kuwa a Madina ta sauka, kuma a ruwayar Tirmizi ta hanyar Niyar ɗan Mukram an faɗa a fili cewa wannan kafin a haramta irin wannan sa dukiya ne. Na sani Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim ba su ɗauki ƙissar a matsayin shafaffiya ba, da ita suka kafa hujja a kan halaccin gasar dukiya a ilimin addini, Hanafawa ma suna da sassauci ga ɗaliban fiƙihu masu gardamar mas'ala. Ko da mun bar mazhabarmu mun bi su, dalilinsu shi ne ɗaukaka addini da hujja kamar yadda ake ɗaukaka shi da makami. Abubakar ya sa dukiyarsa ne a kan gaskiyar Alƙur'ani a gaban masu ƙaryata shi. Zaurenku kuwa an kafa shi ne don wasa, kuma da za ka cire kyautar ka bar tambayoyin fiƙihu zalla, kai ka fi ni sanin mutum nawa za su rage. Cusa tambayoyin addini uku cikin ashirin don kuɗin ya halatta dabara ce, kuma ina ganin ta fi cacar da kuke yi yanzu muni, domin yanzu kuna yi ne cikin rashin sani, can kuwa za ku mai da ayar Allah mayafin abin da kuka riga kuka san hukuncinsa.

Ba sai ka rushe gasar ba. Ka soke kuɗin shiga, kyautar ta fito daga wanda ba ya cikin masu fafatawa, kamar wani babba a cikinku, ko mai shagon salula da yake son a ambaci shagonsa ba tare da ya wajabta wa kowa sayen kayansa ba, ko kai kanka tunda ba ka amsa tambayoyin. Duk da Halilu ya ce duk gasar da ba ta cikin waɗancan ukun sai dai a yi ta ba tare da lada ba, wannan ina ɗaukarsa kyauta ce daga mai kyauta, babu wanda ya yi asara a cikinta, kuma Majalisar da na ambata ta halatta shi. Abin da ka riga ka karɓa kuwa masu shi sanannu ne, lambobinsu suna cikin salularka, saboda haka ka lissafa ka mayar musu ko da kaɗan-kaɗan, wanda ya ɓace maka ka yi sadaka da rabonsa a madadinsa. Waɗanda suka ci a baya ka gaya musu su ma haka ne a kansu.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya dame ni. A cikin mutum 40 masu Free Fire da wuya a rasa ɗan koleji, kuma yaron da ba ya sana'a dala ashirin ɗinsa ta kowane mako daga kuɗin karin kumallo take fitowa, ko daga canjin aiken mahaifiyarsa. Kai ne babba a wurinsa, kuma a hannunka ya fara ɗanɗana zaƙin sa kaɗan a ci da yawa, wanda shi ne yake kai samari shagunan cacar ƙwallo. Ka kuma duba lokacin: gasar da aka fara bayan isha'i, aka bi ta da musun amsa har tsakar dare, sallar asuba ce take biyan kuɗinta. Ka yanke mata lokacin tashi, kuma ka hana a riƙa yi wa wanda ya zo na ƙarshe dariya da laƙabi, domin wannan ma haƙƙi ne.

In kuma bayan an cire kuɗin kana son sa tambayoyin addini don amfaninsu, ina ƙarfafa ka, da sharaɗin kada ka ɗauko hadisi daga saƙonnin da ake yaɗawa a salula ka ce "wannan ce amsa daidai", domin mutum 40 za su haddace ta daga bakinka. Ka tsaya a kan abin da yake cikin Ahalari da Ishmawi da tarihin Annabi (SAW), ka nuna wa malamin unguwarku tambayoyin da amsoshinsu kafin Asabar, kuma kada ka sa mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta cikin tambayar da amsarta ɗaya ce. Wallahu a'alam.