Na tuba tun bara, to me ya sa wahala ta ƙi sakina?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Garwa:

Baba Fasto barka da aiki. Ni shekara 6 ina yi wa wani maigida aikin albasa, ni nake raka kaya daga Marwa da Garwa zuwa Duwala, ni nake karɓo kuɗi. Kaɗan kaɗan na dinga yankan kuɗin har ya kai sefa 450,000. Bara na kasa barci, na je na faɗa wa dattawan ikilisiya, suka raka ni wurin maigida na faɗi gaskiya da bakina. Bai kai ni jandarma ba amma ya sallame ni, aka rubuta takarda zan dinga biyan 15,000 duk wata. Yanzu moto nake tuƙawa na haya, wata 14 kenan ina biya. A daminar nan ɗiyata mai shekara 3 ta kwanta asibiti har aka yi mata ƙarin jini, sai wata tsohuwa a cocinmu ta ce wai alhakin kuɗin mutane ne ya sauka a kan yarinyar. Baba in da gaske Yesu ya biya mini bashin zunubi, me ya sa nake ta biya har yanzu? Ko dai ba a gafarta mini ba ne?

Amsa:

Ɗana sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yarinya lafiya. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma tun kafin in shiga dogon bayani bari in faɗa maka a fili, an gafarta maka. Ba ra'ayina ba ne, 1 Yohanna 1:9 ne ya ce in muka furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci kuma, zai gafarta mana ya tsarkake mu daga dukan rashin adalci. Kai kuwa ba a ɗaka kaɗai ka furta ba, ka tashi da ƙafarka ba wanda ya kama ka, ka je gaban mutumin da ka cuta ka buɗe baki. Rana dubu ta ɓarawo rana ɗaya ta mai kaya ake cewa, amma kai baka jira ranar mai kaya ba, kuma irin wannan rashin barcin da ya kai ka can aikin Ruhu Mai Tsarki ne.

Matsalar ita ce ka haɗa abu biyu a buhu ɗaya, 15,000 ɗin da kake biya da kuma ciwon yarinya, alhali ba hanyarsu ɗaya ba ko kaɗan.

Mu fara da kuɗin. Zunubinka ya taɓa wuri biyu, ya taɓa Allah wanda ya ce kada ka yi sata, ya kuma taɓa aljihun wani bawan Allah da ya yarda da kai. Na farkon shi ne bashin da ba ka da abin biyansa ko da za ka tuƙa moto shekara 100, shi ne Yesu ya ɗauka a kan gicciye, shi ya sa Romawa 8:1 ya ce yanzu babu hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Amma jinin Yesu bai koma cikin akwatin maigidanka ya zama sefa ba. Mutumin nan yana da iyali, yana da manoman da ya karɓi albasarsu bashi, yana da direban mota da zai biya, ramin da ka haƙa masa yana nan a buɗe ko bayan ka yi addu'a ka tashi. Tun a Littafin Firistoci 6:1-7 (in Littafinka na Faransanci ne wataƙila ka same shi a 5:20-26) an riga an raba wannan, wanda ya ci amanar maƙwabcinsa zai mayar da abin cif ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo rago na hadaya a gafarta masa. Kaga rago daban, mayar da kaya daban. Mu yanzu Yesu ne ragonmu an gama da wannan, amma mayar da kayan mutane bai tashi ba. Zakka mai karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya shiga gidansa, shi da kansa ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa zai ba matalauta, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki 4, a nan Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan, duba Luka 19:8-9. Ceton ne ya shiga gidan har ya kwance masa hannu, ba wai da kuɗin ya saye shi ba. Ko 'yan'uwanmu Katolika, da muke da bambanci da su a kan maganar kaffara, a nan bakinmu ɗaya ne, suma suna koyar da cewa gafara tana kawar da zunubi amma ba ta gyara duk ɓarnar da zunubin ya yi, dole a mayar da abin da aka sata.

Saboda haka in ka miƙa 15,000 a ƙarshen wata, kada ka ce a ranka ina biyan Allah. Maigidanka kake biya. Ka biya 210,000, saura 240,000, wata 16 kenan in Allah ya ba da ƙarfi, abu ne mai iyaka mai ranar ƙarewa. Batun kuma ya ƙi mayar da kai aiki, kada ka riƙe shi a zuci, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Yana iya yafe maka da zuciya ɗaya amma ya kasa sake damƙa maka kuɗin mota guda ta albasa, kuma bai yi laifi ba.

Akwai mutum ɗaya da nake yawan tunawa in ana irin wannan magana, ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23:39-43. Shi da bakinsa ya ce mu daidai aka yi mana, sakamakon aikinmu muke karɓa. Yesu ya ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. To ka lura, bai sauko da shi daga gicciyen ba fa. Ƙusoshi suna nan, hukuncin Romawa ya ci gaba har ya mutu a wurin, amma wannan mutumin ya sami tabbacin gafara daga bakin Ubangiji kai tsaye. In da sauƙin jiki ne alamar gafara da shi ne zai fara cewa ba a yafe masa ba.

Yanzu maganar yarinya, nan ne raina ya ɓaci da na karanta. Tsohuwar nan uwa ce, a girmama ta, amma abin da ta faɗa ba daidai ba ne kuma ya yi nauyi a faɗa wa uba yana tsaye bakin gadon asibiti yana kallon ledar jini tana ɗiga. Na san inda masu irin wannan magana suke jingina, labarin Dauda ne a 2 Sama'ila 12, kuma bazan tsallake shi ba don yana da wuya. Dauda ya ɗauki Batsheba matar Uriya, ya sa aka kashe Uriya a yaƙi, annabi Natan ya zo masa da labarin mai arziki da ya yanka 'yar tunkiyar talaka. Dauda ya ce na yi wa Ubangiji zunubi, nan take Natan ya ce Ubangiji ya kawar da zunubinka ba za ka mutu ba, amma kuma ya ce takobi ba zai rabu da gidanka ba, yaron da aka haifa kuma zai mutu. Ran kwana na 7 yaron ya mutu, daga baya ga fyaɗen da Amnon ɗan Dauda ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar, ga tawayen ɗansa Absalom. Duk wannan gaskiya ne, yana kuma nuna mana cewa gafara da sakamako suna iya zama a gida ɗaya. Amma Dauda ya san dalilin mutuwar yaron ne don Allah ya aiko annabi da sunansa ya faɗa masa a fili, sarki ne da ya yi kisa da ikon sarauta a idon al'ummai. Kai wane Natan aka aiko maka? Ba wanda yake da izinin ɗaukar maganar da aka faɗa wa mutum ɗaya a kan laifi ɗaya ya liƙa ta a kan kowane yaro mai zazzaɓi. Ezekiyel 18:20 ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Yesu kuma da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, ya ce ba shi ba ne ba kuma iyayensa ba, Yohanna 9:1-3. Amsar da ta dace da tsohuwar nan kenan.

Ka shiga ɗakin yara a kowane asibiti a Garwa ko Marwa tsakanin Agusta da Oktoba ka gani, gado ɗaya yara biyu, zazzaɓin cizon sauro ya shanye musu jini, akwai ɗan fasto akwai ɗan liman akwai ɗan wanda bai taɓa taɓa dalar kowa ba. Sauro baya tambayar wa ya ci kuɗin albasa.

Ni na zauna da 'yan'uwa da suka gudo daga ƙauyukan Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava tun da Boko Haram suka fara shigowa da ƙarfi a 2014. Wata uwa da ke jagorar zumuntar mata a ƙauyensu ta nuna mini abin da ta fito da shi, tukunya ɗaya da littafin waƙoƙi da gefensa ya ƙone, rumbunta na dawa ya tafi, mijinta ya tafi. Zan ce mata zunubinta ne ya fi na mutanen da ke kwance lafiya a Ngaundere? Ko ruwan da ya ci gidaje a Yagwa a 2024, ya zaɓi gidajen masu laifi ne? Yesu ya riga ya amsa wannan a Luka 13:4-5 da ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu, ya ce kada ku ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Muna cikin duniya da ta lalace tun faɗuwar Adamu, Romawa 8:22-23 ya ce dukan halitta tana nishi, mu ma da muke da Ruhu muna nishi muna jiran fansar jikinmu. Gafara mun karɓe ta yanzu a hannu, jikin da baya ciwo kuwa sai ranar tashin matattu. Bulus sau 3 ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba, aka ce masa alherina ya ishe ka, kuma ba wanda zai ce Bulus ba gafartacce ba ne. Masu wa'azin da ke cewa in ka karɓi Yesu talauci da ciwo sun ƙare, su ne suke jefa mutane irinka cikin wannan ruɗani, Yesu kam cewa ya yi a duniya kuna da wahala, Yohanna 16:33.

Wani zai kawo Ibraniyawa 12 ya ce ai Allah yana horon 'ya'yansa. Haka ne, kuma na yarda wata 14 ɗin nan a kan moto cikin rana da ƙura sun koya maka darajar sefa 500 fiye da shekara 6 da ka yi kana ƙirga na wani. Amma nassin ya ce wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake horo, kamar uba da ɗansa, ma'ana sai ka zama ɗan gida tukuna ake maka shi. Wannan horon kuma a kanka yake, kada ka ja yarinya ciki.

Abin da zan roƙe ka, ka koma wurin dattawan da suka raka ka, ka faɗa musu kuɗin asibiti ya haɗu da biyan wata. Bulus ya rubuta wa Filimon a kan bawansa Onisimus ya ce in ya cuce ka ko kana binsa wani abu ka sa a kaina, to ikilisiya ma tana iya sa hannu, ko su raka ka a roƙi maigida ya ɗaga maka wata ɗaya ko biyu a rubuta a takarda, kada ka yi shiru ka ɓace masa don kunya, nan ne Shaiɗan yake samun ƙofa. Ka faɗa wa matarka abin da na rubuta maka don na tabbata maganar tsohuwar nan ta fi cin ta a rai. Yarinya a gama mata maganin da likita ya rubuta har ƙarshe ko da ta fara wasa, a kwana cikin gidan sauro, in masu rabon maganin rigakafin damina na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun zo unguwa kada a bari ya wuce ta. In kuma dattawa sun riga sun ɗage maka horon ikilisiya, ranar da za a ci Jibin Ubangiji kada ka zauna a bencin baya kana kallo, ka tashi ka je ka karɓa.