Amsa ga mai son mayar da nauyin jan kunamar Glock 17 ɗinsa fam 2

Salamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya na so in amsa sai aiki ya sha kaina. Ka ce kana da bindiga Glock 17, wata shida kenan da ka fara shiga gasar harbi ta IPSC ɓangaren Production, wato na bindigogi irin yadda kamfani ya fitar, harbinka yana yawan karkata ƙasa ta hagu, kuma kana so a faɗa maka wace kunama zaka saya ka sa wadda nauyin janta zai sauko fam 2. To bari in faɗa maka abin da na sani, don nima na bi ta wannan hanyar kuma na sha wuya a cikinta.

Da farko dai fam 2 ɗinnan ka cire shi a ranka in dai Production zaka tsaya. Dokar IPSC a wannan ɓangaren cewa tayi ko dai harbin farko ya kai kilo 2.27 wato fam 5, sauran kuma babu ƙayyadewa, ko kuma kowane harbi ya kai kilo 1.36 wato fam 3. Ita Glock jan kunamarta iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kaga kenan fam 3 shine iyakarka. In aka auna wajen duba kaya aka ga ta gaza to ɓangaren Open za a tura ka, ka je kana gogayya da masu bindigar da aka ƙera musamman don tsere kai kuma da ƴar Glock ɗinka. Wataƙila a bidiyon mutanen Amurka ka ga fam 2 ɗin, su gasar ƙasarsu ta USPSA suke bugawa kuma dokarsu bata ƙayyade nauyin kunama a Production ba, shi yasa suke sakewa. Kuma ko fam 3 ɗin kada ka tsaya cif a kansa, ka bar tazara, kamar fam 3 da rabi, saboda kunama tana ƙara laushi bayan ta ci harbi ƙarafan sun goga juna sun yi santsi, kuma ma'auninka da na alƙalan gasa ba lallai su ce abu ɗaya ba.

Sai maganar ƙasa ta hagun nan. In da dama kake harbi, wallahi mafi yawanci ba laifin kunama bane, hannu ne. Ko dai kana fizgar ta, ko kuma sauran yatsun suna matsewa tare da ɗan ali lokacin da yake ja, sai bakin bindigar ya duƙa kafin harsashi ya fita. Ka gwada wannan, ka sa wani ya cusa maka harsashin roba guda ɗaya ko biyu cikin magazin ba tare da ka san inda suke ba, in ka zo kansa zaka ga yadda bakin bindigar zai yi sujada da kansa ba ƙara ba komai. Ranar da aka fara yi min haka kunya ce ta kama ni, don na riga na kashe kuɗi akan kunama har sau biyu ina zagin bindigar. Kunama mai sauƙi zata ɗan rufa maka asiri amma ciwon yana nan.

To amma ban ce kar ka canza ba, kunamar Glock ta kamfani gaskiya ba abin yabo bace. Abin da nake so ka gane shine nauyi abu ɗaya ne kawai cikin abubuwan da yatsa yake ji. Akwai lakon farko, wancan tafiyar da take yi sakwaf kafin ka ji ta cije. Akwai bangon, inda ta cije ɗin. Akwai jan ciki, wato ka riga ka isa bango kana dannawa amma tana ƙara rarrafawa kamar da yashi a ciki kafin ta saki. Sai zarcewar da take yi bayan ta saki, sai kuma dawowa, inda zaka sassauta yatsa ka ji ƙas ta sake kamawa. Ni a wurina fam 4 da take saki tsaf a wuri ɗaya kullum ta fi fam 2 da rabi da yau ta saki nan gobe can. Yatsa yana haddace wuri ne, in wurin yana yawo ba abin da zai haddace.

Yadda Glock take aiki shine allurar, wato ƙarfen da ke bugun gindin harsashi, bata gama ɗanuwa sai ka ja kunama, wato kai ne kake ƙarasa ja mata sifirin da yatsanka, sannan sandar kunamar ta hau kan wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ake kira kanekta ya dannata ƙasa allura ta kuɓuce. Shi yasa abu biyun da suka fi taɓa nauyi sune kanekta da sifirin allura. Kanekta ta kamfani marar alama wajen fam 5 da rabi take bayarwa, mai alamar ragi kuma wajen fam 4 da rabi, kuma kafin ka sayi komai ka buɗe ka duba don wasu Glock, irin su 34, da mai alamar ragin suke fitowa tun daga kamfani. Abin da ba a cika faɗa ba shine ita mai ragin tana rage nauyi ne ta hanyar kwantar da kusurwa, sai bangon ya rage kaifi, sakin ya zama kamar gangara. Wasu haka suke so, ni ban so ba da farko amma na saba.

Sifirin allura kuwa nan ne na ƙone. Na kamfani fam 5 da rabi ne, na cire na sa fam 4 daga wani saiti da na saya, kunama tayi daɗi kamar me, a gida ina ta harbin wofi ina murmushi ni kaɗai. Na je fili na harba hamsin duk sun tashi nace shikenan. Ranar gasa harsashin da na samu ba irin wanda na gwada bane, furaimarsa, wato ɗan maɓallin gindinsa da allura ke bugawa, ta fi tauri. Mataki na uku ina tsakiyar gudu na ja sai naji ƙas. Na ja silaid, wato saman bindigar mai zamewa, na zubar da harsashin, harbi biyu, ƙas kuma. Sau huɗu a mataki ɗaya. Bayan an gama na tsinto harsasan daga ƙasa, kowanne da ɗan tabo marar zurfi a tsakiyar furaima, kamar an taɓa da bakin biro, alhali kwanson waɗanda suka tashi ramin ya lotsa sosai. Kaga a IPSC maki ake rabawa da lokaci, duk ƙas ɗaya daƙiƙa ɗaya ce ko fi ta tafi, ga hankali ya watse, duk ɗan abin da kunamar ta ƙara min a shekara ban jin ya kai abin da na zubar ranar. Sanannen abu ne a wajen masu ɗura harsashi da kansu cewa furaimar kamfanin Federal ta fi laushi, ta kamfanin CCI ta fi tauri, shi yasa masu raunana sifirin suke manne wa Federal. In kai ba ka da iko akan irin harsashin da zaka samu kullum to ka bar sifirin kamfani, ko ka tsaya fam 4 da rabi in ka matsu. Kuma ramin allurar nan a bushe ake barin sa, kar ka ɗiga masa mai, mai yana tara dauɗa ya rage mata gudu sai ka ɗauka sifirin ne.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shine maganar tsaro, kuma nan ne nake so ka nutsu. Glock tana da makari uku, ɗan harshen da ke tsakiyar kunama, da toshin da ke tare allura har sai sandar ta ture shi sama, da kuma ɗan dakalin da ke riƙe bayan sandar don kar ta faɗa ƙasa in bindiga ta faɗi. Dukkansu ukun lakon farkon nan da kake jin haushi shine yake sa su aiki. Kunamun da ake sayarwa masu sukurun rage lako, in ka ɗaure shi da yawa to kamar ka riga ka fara jan kunamar ne bindiga na cikin kube, harshen ya daina kama jiki, toshin ya fara ɗagawa, sandar ta matso bakin dakalin. A waje ba zaka ga komai ba. Akwai rabin murfin bayan silaid da masu gyara suke sawa su leƙa su ga yadda sandar ta kama ƙafar allura, abin da ake nema aƙalla kashi biyu cikin uku, in baka san yadda ake dubawa ba ka kai wa maƙerin bindiga da ya san aikinsa, ba abin kunya bane. Kuma ba wai ina tsoratar da kai bane, ka tuna bindigar SIG P320 a 2017, da aka gano in ta faɗi ta baya a wata kusurwa nauyin ita kanta kunamar yana iya ja da ita baya ta tashi, har kamfanin ya fito da gyara inda ya sa kunama marar nauyi da wasu sassa. To wannan injiniyoyin kamfani kenan, balle ni da kai da ɗan makulli a hannu. A gasa kuma harbin da ba a yi niyya ba kora ce kai tsaye, wannan ma in Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo kenan.

Sukurun zarcewa shima haka. Wanda ya cika ɗaure shi sai wata rana da ɗan datti ya shiga ya ja kunama har ƙarshe taƙi saki. Ni yadda nake yi, in ɗaure har ta daina saki, in warware har ta saki, in ƙara warware rabin zagaye, sannan in ɗiga masa Loctite shuɗi, wato gam ɗin riƙe sukuru, in bar shi ya kwana. In ba ka sa ba girgizar harbi zata motsa shi, nawa ya taɓa tafiya da kansa.

Ka tambayi suna, to kamfanin Timney suna da kunama Alpha ta Glock wadda take wajen fam 3, ita ta canza tsarin ne gaba ɗaya, allura a ɗane take cikakke shi yasa take da sauƙi, amma kaga tana zaune daidai bakin iyakar dokarka don haka sai ka auna taka da kyau. Shi kansa Glock ya fitar da tasa Performance Trigger a 2023. Kamfanin Apex kuma a bindigar M&P suka yi suna amma suna yi wa Glock ma. Duk wadda zaka ɗauka ka tabbatar ta dace da zubin bindigarka don kayan Gen 5 ba ɗaya suke da na Gen 3 da 4 ba, sannan ka buɗe littafin dokar na bana ka karanta shafin Production da idonka, kar ka dogara da ni ko da mai sayarwa, ana sabunta shi. Miƙaƙƙiya ko lanƙwasasshiya kuma wannan sai yatsanka, abin lura kawai a miƙaƙƙiya yatsa yakan sauka ƙasa sai ka ji ta fi sauƙi alhali ba abin da ya canza a ciki, kuma ma'auni ma haka yake, in ka saƙala a ƙasa zai nuna maka ƙasa da in ka saƙala a tsakiya. Ni a tsakiya nake aunawa sau goma in ɗauki mafi ƙanƙanta ba matsakaici ba, don alƙali ba ruwansa da matsakaicinka.

Wani cikin masu amsa tambayarka ya ce maka kawai ka sayar ka sayi CZ Shadow 2. Bindiga ce mai kyau ba musu, amma itama masu rage mata sifirin hama zuwa fam 11 da rabi irin ƙas ɗinnan suke sha in basu sa doguwar allura ba, sannan sai ka koyi ja iri biyu, na farko mai nauyi sauran masu sauƙi. Wata shida da farawa ban ga dalili ba.

Da ni ne kai ga yadda zan yi. In sayi ma'auni tukuna in san inda nake. In wanke ciki tas, in ɗan goge inda sandar ke gogar kanekta da man goge ƙarfe da tsumma kawai, sheƙi ake nema ba cin ƙarfe ba, banda fayil banda injin gurza, in ka canza kusurwa ko ka zagaye kaifin baki ka kashe kayan. Ɗigon mai ɗaya a wurin. Sai in canza abu ɗaya, ɗaya tak, in je fili. Na taɓa zuba abu huɗu rana ɗaya da matsala ta zo ban san wanne zan kama ba sai da na mayar da komai na faro daga farko. Bayan kowane canji, bindiga ba harsashi ka duba sau biyu, ka ja kunama ka riƙe, ka ja silaid ka saki da ƙarfi, ka sassauta yatsa a hankali ka ji ƙas ɗin dawowa, ka sake ja ta saki. Ka danna gefen kunamar ba tare da taɓa harshen ba ka ga ko zata wuce, bai kamata ta wuce ba. A fili kuma ka fara da harsashi ɗaya a magazin, sannan biyu, sannan uku, don in zata yi ɓarin biyu a ja ɗaya gara tayi lokacin da biyun ne kawai a ciki. Ni sai na ga ɗari biyar sun wuce ba ƙas ko ɗaya da ainihin harsashin da zan shiga gasa da shi kafin in yarda da ita, kuma kayan kamfanin da na cire suna cikin ƴar leda a jakata kullum.

In ka auna taka ka turo mana nawa ta nuna da kuma ko Gen nawa ce, da alamar da ke jikin kanektar, sai mu ga ko ma akwai buƙatar sayen wani abu.